Dalmar da ke Cikin Layar Togjan

Astana, Litinin da yamma

Zuwa ga yayana Kuwandik,

Assalamu alaikum, Aga. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida mahaifiyarmu Apa, da matarka Saule da yara. Ina fata dawaki suna lafiya, kuma kun gama kwaso ciyawa kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Na san ba za ka ga wannan ba sai ka hau tudun bayan gari inda waya ke kamawa, shi ya sa na rubuta. Ko da kira zai shiga ma, yau ban yarda da muryata ba.

Bari in fara da mai daɗi. Wasa biyar na yi, na ci huɗu, ɗaya muka tashi kunnen doki. Ka san shaida uku ake nema kafin a kira mutum babban gwanin darar chess na duniya, ba na ɓangaren mata kaɗai ba. Biyu suna hannuna, shekara shida ina bin ta ukun, kuma a wannan gasar ce ta fara matsowa kusa.

Wanda na kayar yau wani dogon baƙo ne, mai yawan shan ruwa. Na ba shi giwata kyauta, ya karɓa, bayan motsi tara sarkinsa ya rasa wurin zuwa. Na miƙa masa hannu, ya dube shi, ya tashi ya nufi teburin alƙalai. Ina tattara takardata sai ga Gulbarshin-apai, mataimakiyar babban alƙalin gasa, mutuniyarmu ce 'yar Kostanai. Ta ce, "Togjan, zo mu je ciki. Kar ki ɗauki jakarki."

Babban alƙalin dattijo ne daga ƙasar waje, mai ladabi. Ya kunna mini hoton wasan. Aga, ashe duk sa'ad da zan yi motsi mai wuya, sai hannuna na hagu ya tafi ƙirjina ya danna. Sau goma sha bakwai ya ƙirga. Wallahi ban san ina yi ba.

Ya ce, "Me ke nan wurin?"

Na fito da layar da kakarmu Aje ta ɗinka mini. Aka kara mata na'ura, ta yi kuka. Ai kullum tana yi, sai in nuna fatar, su ga ta tsufa ta yi baƙi, su ce in wuce. Yau ba wanda ya ce in wuce.

Ya ce, "Ki buɗe mana."

Na ce, "Ba a buɗewa."

"Wa ya hana?"

"Kakata."

"Za mu iya magana da ita?"

Na ce ta rasu shekara tara ke nan. Ya rubuta, har da taran.

Gulbarshin-apai ta yi ƙoƙari. Ta ce masa rabin yaran ƙasar nan da irin wannan suka tashi a wuya. Ya ce ya yarda, amma rabin yaran ƙasar nan ba su kayar da manyan gwanaye uku a jere ba. Zarginsu shi ne akwai wata 'yar na'ura a ciki da ke motsi, wani yana zaune da kwamfuta a waje yana gaya mini abin da zan taka.

Sun karɓe ta. Suka sa a ambulan, suka liƙe, na sa hannu a kan bakin. An ba ni zuwa Alhamis ƙarfe tara na safe. Ko in yarda a buɗe gaban kwamiti, ko a cire ni daga gasa, a soke wasannin da na ci, a aika da sunana sama a matsayin mai maguɗi. Wanda aka liƙa wa wannan sunan, ko an wanke shi daga baya ba ya fita.

Tun ina shekara huɗu ban taɓa cire ta ba, ko a wanka. Wuyana sai nake jinsa kamar ba nawa ba. Tsoro nake ji, Aga, kuma ina jin kunyar faɗa. Ka tambayar mini Apa abin da ke ciki, da ko zan iya buɗewa. Ka bi ta a hankali.

Allah ya tsare ku.
Ƙanwarka, Togjan

*

Bakin Torgai, Talata da safe

Zuwa ga Togjan, mai kayar da mazan mutane,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, dawaki lafiya, sai dai baƙar goɗiyar nan da ta sake fasa shinge. Saule na gaishe ki, ta ce ki ci abinci, ta ga hotonki kin rame kamar sandar kiwo.

A kan tudu na karanta wasiƙarki, sau biyu. Da dogon nan yana kusa, da na koya masa yadda ake karɓar hannun mace idan ta miƙa. Mutum ya sha kashi, maimakon ya je ya yi kukansa a ɗaki, sai ya kama laya. Ni da ni ne, da a gabansu zan farke ta da haƙori a wuce wurin. Haka na yi niyyar rubuta miki, sai na ce bari dai in bi ta kan Apa tunda kin ce.

Na same ta tana zuba shayi. Na faɗa mata a hankali, yadda kika ce. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da zubawa har kwanon ya cika ya malala a kan shimfiɗa, ya jiƙa burodi. Saule ce ta karɓe butar.

Ta ce, "Ba za a buɗe ba."

Na ce, "Apa, sunanta fa za a ɓata."

Ta ce, "Ta dawo gida. Darar da ta yi ta isa."

Na ce, "Haba Apa, shekara ashirin da huɗu tana abu ɗaya, ki ce ta isa?"

Ta ce, "Kai ba ka nan, ka yi mini shiru."

Gaskiyarta, ba na nan. Ina makarantar kwana a Arkalik lokacin. Amma ga abin da na sani. Shekarar da ƙaninmu Daulet ya rasu yana jariri, na dawo hutu na tarar ba kya magana. Aka ce karen maƙwabcinmu Jumabai ne ya yi tsalle a kanki a bakin kogi, harshenki ya ƙulle. Aje ta yi miki zubin dalma. Ke 'yar birni ba ki taɓa gani ba: a lulluɓe yaro da farin ƙyalle, a riƙe kwanon ruwan sanyi bisa kansa, a narka dalma a ludayi a zuba. Idan ta daskare sai ta ɗauki siffar abin da ya tsorata shi, tsoron ya bar yaron ya koma cikinta. Dalmar nan ce Aje ta ɗinke miki a fata. Duk da haka sai da kika yi wata bakwai shiru. A cikin shirun nan ne Baba ya ajiye miki allon dara, tunda shi ba ya buƙatar baki. Kalmar da kika fara faɗa ita ce doki, ina wurin.

To dalma ce. Ki gaya musu haka, su ba ki kayanki.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai tun jiya. Na san karen Jumabai. Tsoho ne, ba haƙori, ko kaza ba ya kora. Ban taɓa tunanin wannan ba sai da na ga fuskar Apa. Ni da nake kwana da kyarketai a daji, wallahi sai da na tsorata.

Ki riƙe kanki. Ki take na yau ma.
Yayanki, Kuwandik

*

Astana, Talata bayan magariba

Aga,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na gode da amsarka, ta sa ni dariya sau ɗaya, kuma ita ce dariyata ta yau.

Na gaya musu dalma ce, sai abin ya ƙara lalacewa. Sun sa ambulan ɗin a na'urar hasken kaya, irin ta filin jirgi, suka kira ni in gani. Fatar ta fito fes, har zaren ɗinkin Aje. A tsakiya kuwa wani baƙin dunƙule, haske bai ratsa shi ba. Dattijon ya cire tabarau ya ce, "Ki fahimce ni. Duk wanda yake son ɓoye abu daga wannan na'ura, da dalma zai naɗe shi." Yanzu ba buɗewa kaɗai ba, sai an kira maƙerin zinariya ya raba dalmar biyu da zarto.

Ban take na yau ba, shi ya take ni. Yaro ne ɗan shekara goma sha tara, wanda na taɓa ci sau biyu. Duk sa'ad da na nutsa cikin lissafi, sai in farga hannuna yana lalube a ƙirjina, ba komai a wurin, lissafin ya watse. Na bar dokina a buɗe kamar mai koyo. Ka ga abin da wannan ya jawo? Yanzu sai a ce an cire mata layar, ta faɗi. Ba wanda ya faɗa a gabana, amma a ɗakin cin abinci wasu mata biyu da muke gasa tare shekara goma sun ɗauki farantansu sun koma can gefe. Uwar wata yarinya da nake koyarwa ta rubuto cewa za su ɗan dakata tukuna.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro, kuma kai kaɗai nake gaya wa. Da na ga wasan ya tafi, na buɗe baki in ce na sallama. Ba abin da ya fito. Na sake gwadawa, iska kawai. Na tsayar da agogo, na miƙa hannu, na fita. Gulbarshin-apai ta biyo ni ta ce, "Lafiya, 'yata?" Na kasa amsa mata. Ta zaunar da ni ta ba ni shayi mai madara, kusan rabin awa kafin na iya cewa na gode. Ni da nake yi wa ɗalibaina dariya idan sun ce suna da biro mai sa'a.

Kan maganar kare. Aga, ni ban taɓa tsoron kare ba, kai ma shaida ne, ni ke raba su faɗa a ƙofar gida. Abin da ba na iya ji shi ne ƙarar ƙanƙara idan ta tsage, ko da a kofi ne a cikin jirgi. Tagar ɗakina tana kallon kogi, ya fara daskarewa daga gefe, tun ran da na iso labulen a rufe yake. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Gobe hutu ne, babu wasa. Saura uku, ina buƙatar maki biyu a ciki, in har an bar ni na zauna. Idan ban buɗe ba, na gama da dara, na kuma gama da sunan da Baba ya bar mana. Idan na buɗe, ban san abin da zai fito ba, kuma na riga na ɗanɗana yau. Ba zan tsallake maganar Apa ba, ba ta taɓa hana ni komai ba sai wannan. Ka koma mata. Ka karanta mata wannan in ya kama.

Allah ya bar zumunci.
Togjan

*

Laraba da sassafe

Togjan,

Salamu alaikum, a tsaye nake rubutawa. Na karanta mata, ban tsallake komai ba. Da na kai wurin ƙanƙara ta ce, "Ya isa." Ta fita garken shanu, ta daɗe, kuma an riga an yi tatsa.

Yau bayan sallar asuba ta yagi takarda daga littafin makarantar 'yata Aisulu, ta zauna bakin murhu tana rubutu. Rabona da in ga Apa da biro tun rasuwar Baba. Ta liƙe da ƙullin fulawa, ta kai wa Amantai direba da kanta, ta sa shi ya rantse ba zai ba kowa ba sai ke. Na ce ta kawo in ɗauki hotonta in tura miki yanzu, ta ce idona ba zai gani ba.

Zai iso ƙofar masaukinku wajen magariba, farar mota mai fasasshen gilashi. Ki tsaya masa. Ban san abin da ke ciki ba, kuma yau ba ni da abin tsokanarki da shi.

Yayanki

*

Zuwa ga 'yata Togjan,

Assalamu alaikum, 'yar lelena. Ina gaishe ki. Allah ya sa wannan ta same ki da lafiyar jiki. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannu ya manta.

Babu kare. Karen Jumabai bai taɓa ki ba.

Ƙaninki Daulet kwana arba'in da ɗaya ya yi. Zazzaɓi ya kama shi lokacin da hanya ta toshe, mota ba ta iya zuwa ba, ya tafi a hannuna. Ban yi kuka ba. Mata suna ta yabona, wai ga mai haƙuri. Ina dafa abinci, ina tatsa, ina wanke ki, amma ba na cikin gidan.

Wata rana a ƙarshen sanyi, lokacin da ƙanƙarar kogi ta fara laushi har an hana yara hawa, babanki yana makaranta, Ajenku ta shiga maƙwabta. Na sa miki jar rigar sanyinki, na ɗaure miki hula da kyau don kar iska ta shiga kunnenki. Na kama hannunki muka gangara kogi. Muka hau.

Ban ce a raina zan cutar da ke ba. Tafiya nake son yi inda ya tafi, kuma na ga bai kamata in bar ki ba uwa ba. Haka kaina ya ba ni a ranar, kuma na ɗauka daidai ne.

Mun kai tsakiya ta fara tsagewa. Ruwa ya hau kan takalmana. Kika ja baya, kika ce, "Apa, gida." Kika sake faɗa. Ni kuma na ƙara matse hannunki. Wannan shi ne abin da na yi, kuma ita ce maganarki ta ƙarshe har wata bakwai.

Ajenku ce ta hango jar rigar daga kan gangare. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta kwanta rubda ciki ta ja jiki a kan ƙanƙara har ta iso. Ta ɓanɓare yatsuna daga naki ɗaya bayan ɗaya, ta tura ki gefe, sannan ta dawo ta jawo ni da ɗankwalinta. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ran da aka yi zubin, ni na riƙe kwanon bisa kanki. Da dalmar ta daskare ta ciro ta, ta duba, ta miƙo mini in gani. Mace ce da ɗankwali, hannu ɗaya a miƙe. Ta ce, "Ni da ke muka gani, ya tsaya nan." Ta ɗinke, ta fita ta ce wa mutane kare ne. Jumabai ya harbe karensa washegari, ya zo har gida yana ba ni haƙuri, na ce ba komai. Babanki ya rasu bai sani ba. Kafin Ajenku ta cika ta sake ce mini, "Ran da aka buɗe, yarinyar za ta tuna. Ki kula."

Shekara ashirin da huɗu ina kula. Duk gasar da kika tafi, ba cin wasa nake roƙa miki ba, roƙona kar zaren ya tsinke. Shekaranjiya da na ce ki dawo gida, na ce wa kaina don harshenki nake faɗa. Ƙarya ne, don kaina na faɗa. Na yarda a kira 'yata mai maguɗi a duniya don kar ta san wace ce uwarta. Sau biyu ke nan kina jan hannu ina matsewa.

Ki buɗe. Su yanka ta yadda suke so. Gara ki ji daga bakina da ki karanta a jikin dalma gaban baƙi. Ina tsoron harshenki, wannan gaskiya ne, kuma ban san abin da zai faru ba. Idan ya ƙulle, ki dawo, zan zauna da ke ko shekara nawa ne. Idan kuma bayan wannan ba za ki iya kirana da sunan da kike kirana ba, ba zan ga laifinki ba.

Na sa miki busasshen cuku a leda, na bana ne, gishirin bai yi yawa ba.

Allah ya tsare ki, ya wanke sunanki.
Rabiga

*

Astana, Alhamis da hantsi

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Amantai zai juya da azahar ya kawo miki wannan, don haka zan taƙaita.

An buɗe. Gulbarshin-apai ce ta warware ɗinkin da ɗan almakashi, ta yi bisimilla tukuna, ba ta yanka fatar ba. Kafin maƙerin ya sa zarto na roƙa a ba ni in riƙe. Dattijon ya leƙo ya ce ta yi kama da gyaɗa. Gulbarshin-apai ta ce tsuntsu. Ni na ga abin da Aje ta gani. Na miƙa wa maƙerin na ce ya yanka.

Ba komai a ciki sai dalma. Dattijon ya miƙe tsaye ya ba ni haƙuri, ya ce in karanta takardar wankewar kafin in sa hannu. Na karanta da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, don in ji ko muryar tana nan. Tana nan.

Na tuna. Ba dalmar ce ta tuna mini ba, tun jiya a bakin motar Amantai ya dawo, jar rigar da ruwan da hannun. Ba zan ce miki ba komai ba, domin akwai, kuma ban san yadda zan yi da shi ba tukuna. Ƙarfe uku zan zauna wasa.

Ran Asabar zan taho, ko na samu maki biyun ko ban samu ba. Kar ki gaya wa Aga komai sai na zo, tare za mu gaya masa. Kar kuma ki je ko'ina ke kaɗai.

Ki jira ni, Apa.
Togjan